Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Bauchi: Zakin Yankari Ba A Sayo Irinsa A Kasuwa

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban-girma da fatan alheri gare ku da 'yan majalisarku, na rubuto ne kan wata magana da ba ta shiga jawabin kasafin kuɗi, ba a kuma hawa dandalin kamfe da ita, wato maganar zakin Yankari. Ni malamin sakandare ne, ilimin halittu na yi ta koyarwa har furfura ta fito. Ba kwangila nake nema ba, ba ni kuma da ɗan da nake so a ɗauka aiki. Wata shawara na hango za a kawo muku wata rana, mai daɗin ji, mai saurin zartarwa, shi ya sa nake so kafin ta iso teburinku ku riga kun san abin da masu bincike suka gano a jinin wannan dabba.

Ina ɗan aji biyu aka kai mu Yankari a bayan wata tsohuwar motar makaranta. Mun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki har yatsunmu suka yamutse, bika ta fizge wa wani abokinmu burodi a hannu muka yi ta dariya. Amma abin da ya zauna mini a rai na asuba ne. Mun fito alwala, gari shiru, sai muka ji wani gurnani daga can wajen kogin Gaji, irin wanda ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Sai da butar hannuna ta suɓuce. Wani tsohon mai gadin daji da ke zaune a bakin ƙofa ko motsi bai yi ba, ya ce mana, “Ku yi alwalarku, samari, manya ne ke gaisuwa.” Bayan shekaru masu yawa na kai nawa ɗaliban. Sun ga gwanki da ɓauna da gwambaza, sun ga kashin giwa yana turiri, sai wata yarinya ta ce, “Malam, to ina zakin?” Mai yi mana jagora ya tsayar da mota, ya nuna mana sawu guda ɗaya a kan yashi, gefensa har ya fara rugujewa. Ta sa tafin hannunta a ciki, bai cika shi ba. Iyakar zakin da ajin nan ya gani ke nan.

Kada a ce tsufa ne ke sa ni ganin jiya ta fi yau. An ƙirga. Daga 2006 zuwa 2012 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Panthera, ƙungiyar kare zaki da damisa da danginsu, sun bi diddigin manyan gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, inda ake tsammanin har yanzu akwai zaki. A huɗu kacal suka tarar da shi. Da suka fitar da sakamakon a 2014, sun ƙiyasta zakunan yankin baki ɗaya da kimanin 400, waɗanda suka isa haihuwa a ciki ba su kai 250 ba, kuma ƙasar da ta rage musu kashi 1 ne cikin 100 na wadda suke takawa a da. Mafi yawansu, wajen 350, suna dazukan W da Arli da Penjari, a kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, inda yau 'yan bindiga suka hana masu gadi sakat. Sauran suna Niokolo-Koba a Senegal, da Kainji, da Yankari. Na Yankari a wancan lissafin ba su kai biyar ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai ajiye rajistar halittun da ke neman ƙarewa, ta sa zakin Afirka ta Yamma a matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji.

A jihar da ake da ƙaramar hukuma sukutum mai suna Zaki, a ƙasar da bafade ba ya gyara wa sarki tafiya sai ya ce “takawa sannu, Zaki”, mun wayi gari sunan ya fi mai sunan yawa.

To ga shawarar da na ce na hango. Ranar da aka tabbatar gurnanin nan ya ɗauke, wani zai shigo ofis da takardu masu sheƙi ya ce muku abu ne mai sauƙi, a sayo. A Afirka ta Kudu akwai gonaki da ake kiwon dubban zakuna a keji kamar kajin gidan gona, a biya kuɗi, a yi musu allurar barci, jirgi ya sauke su, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Zai ce ai zaki zaki ne. Zai ma kawo misalin Ruwanda, wadda ta karɓi zakuna bakwai daga Afirka ta Kudu a 2015 suka kuma hayayyafa a dajin Akagera. Abin da ba zai gaya muku ba shi ne, waɗancan zakunan daji ne ba na keji ba, kuma Ruwanda dangin yankinta aka kai mata. Mu in an kawo mana su, baƙi aka kawo.

Bari in fara daga abin da kowa ya sani. Ku tambayi kowane Bafulatani mai garke ko saniya saniya ce, zai dube ku da mamaki. Ya san bunaji, ya san rahaji mai dogon ƙaho da jure tafiya, ya san bokoloji, ya san muturu gajeriya da ke zama a ƙasar da ƙudan tsando zai hallaka sauran. Ya san cewa irin da ya daɗe a wuri yana ɗauke da abin da wurin ya gwada shi da shi, zafi ne ko ƙishirwa ko cuta, kuma wanda bai jure ba bai bar 'ya'ya ba. Wannan shi ne gundarin abin da masana ke nufi da sauyawar halitta bisa tsawon zamani. Na san da an taɓo kalmar wasu 'yan'uwa sukan ɗaure fuska, ni ma na sha tambaya a aji. Nakan ce wa ɗalibai, ku ajiye gardamar asalin ɗan'adam a gefe, ba ita ke gabanmu ba. Abin da ke gabanmu kowane manomi da ya taɓa ware irin gero ya yarda da shi: in dangi ɗaya suka rabu, kogi ko hamada ya shiga tsakaninsu, suka daɗe ba sa cuɗanya, jikokinsu za su bambanta. Suratul An'am, aya ta 38, ta gaya mana dabbobi al'ummomi ne kamarmu. Al'umma kuwa tana da salsala.

Salsalar zaki a yau ana karanta ta ne a ƙwayoyin halittarsa, abin da ake kira DNA, wanda jama'a suka fi sani a rigimar tantance uban yaro. Da aka karanta, sai aka ga abin da ba wanda ya zata. Zakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya fi kusanci da zakin Indiya, wanda ya rage a dajin Gir da kewayensa a jihar Gujarat kaɗai, a kan kusancinsa da zakin Kenya ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu. Laura Bertola da abokan aikinta a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ne suka yi ta nuna haka tun daga 2011, wasu kuma suka tabbatar da shi ta hanyar gwada ƙasusuwa da fatun tsofaffin zakuna da ke ajiye a gidajen tarihin Turai. A 2017 aka sake tsarin a hukumance, aka raba zakin duniya gida biyu: gidan arewa, wanda ya haɗa namu da na Kamaru da Chadi da Indiya da zakin Maroko da Aljeriya da ya ƙare a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da gidan kudu, na gabashi da kudancin Afirka. Wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa gidajen biyu sun rabu kimanin shekara 70,000 da suka wuce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in aka dubi yadda yanayin nahiyar nan ya yi ta juyawa. Zaki ɗan sarari ne, ba ya zaman ƙungurmin kurmi, ba ya zaman tsagwaron rairayi. A zamunan da ruwa ya yi yawa, kurmin Kongo yakan bazu ya zama katanga tsakanin arewa da kudu, Sahara kuma ta yi tsanwa, ta cika da tafkuna da namun daji, hanya ta buɗe zuwa arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya har Indiya. In fari ya dawo, wata ƙofar ta rufe wata ta buɗe. Kowace rufewa ta bar alama a jini. Ko a ido ma ana iya lura da wani abu: zakunan Penjari da yawa gezarsu ƙarama ce, wasu kamar an yi musu aski, ba irin tulin gashin nan da ake gani a hoton zakin dajin Serengeti na Tanzaniya ba. Gidan kudu yana da dubbai. Gidan arewa ne ya ƙaranta, kuma a cikinsa namu yake.

Abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne aikin da 'yar ƙasar nan ta yi. Dakta Talatu Tende, ta cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta yi digirinta na uku ne a kan zakunan Yankari da Kainji, kuma ba ta kama ko ɗaya ba. Kashinsu ta bi. Mai girma Gwamna, ku yi mini afuwar kawo wannan kalma gabanku, amma a nan hikimar take. Duk abin da ya ratsa hanjin dabba yakan kankaro 'yan ƙwayoyi daga bangon hanjin, su fito a jikin kashin. In an same shi da ɗanye kafin rana ta gasa shi, a ɗebi ɓawon waje a jefa cikin 'yar kwalba mai sinadarin hana ruɓa, za a iya karanta ko na zaki ne ko na damisa, namiji ne ko zakanya, har a bambance wannan da wancan kamar zanen yatsa. Aiki ne na sammako da tafiyar ƙasa da haƙuri, domin na kura, wanda kan yi fari fat saboda cin ƙashi, shi ya fi yawa a hanya, kuma da yawa daga abin da aka ɗebo zafi ya riga ya lalata shi kafin a isa ɗakin gwaji. Da wannan dabara, daga samfuran da ta tara a tsawon shekaru ba a lokaci guda ba, ta tantance zakuna takwas a Yankari, goma a Kainji. Ta kuma ga alamun cewa a duka wuraren biyu 'yan gida ɗaya ne ke barbarar juna.

Sai kuma babban abin da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2014. Akwai wani sashe na ƙwayar halitta da ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika, ba ya gauraya da na uba. Da suka bi wannan zaren, sai suka tarar zakunan Najeriya ma ba tsatso ɗaya ba ne. Na Kainji, da ke yammacin kogin Kwara, dangin na Benin ne. Na Yankari kuwa dangin na arewacin Kamaru ne. Kogin da muke haye wa a gada cikin 'yan mintoci ya isa ya raba su zuriya bayan zuriya. Ma'anar wannan ga mai mulki a fili take. In har za a kawo wa Yankari ɗauki, 'yan'uwanta suna gabas, a dazukan Binuwai da Faro da Buba Njida na Kamaru, waɗanda ko a taswira ba su da nisa da Adamawa. Ko Kainji, da muke ƙasa ɗaya da ita, ba ita ce ta fi kusa ba, balle gonar wani Bature a Limpopo ta Afirka ta Kudu.

Mun taɓa tafiya irin wannan hanya, shi ya sa nake jan hankali. A 2006 ƙasar Namibiya ta ba jiharmu kyautar namun daji, ciki har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka ajiye su a Sumu, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa. Kyauta ce ta zumunci, yara na zuwa kallo suna murna, ban kuma ga laifin hakan ba. Sai dai mutane da dama sun ɗauka raƙumin dawa ya dawo gida ke nan. Bai dawo ba. Namu na asali, mai haske-hasken fata, a kusa da Lokoja aka samo wanda wani masanin gidan tarihin Landan, Oldfield Thomas, ya fara bayyanawa ga masana a 1898, har wasu littattafai na kiransa raƙumin dawan Najeriya. Mun cinye shi, mun nome dajinsa. A 1996 guda 49 suka rage a duk duniya, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake. Turawa a lokacin hankalinsu a kwance yake, a ganinsu suna da irinsa a gidajen namun dajinsu, ko ya ƙare a daji za a iya mayarwa. A 2007 aka gwada jinin waɗancan na Turai, sai ga shi ashe 'yan Kordofan ne, irin na Chadi da Kamaru. Ajiyar da ake taƙama da ita babu ita. Da Nijar ta yi sakaci a shekarun nan bisa dogaro da wannan ajiya, da yau sai dai a hoto. Ba ta yi ba. Gwamnati da mutanen ƙauyuka da ƙungiyoyi suka tsaya, aka hana farauta, aka taimaka wa manoman da ake yi wa ɓarna, yau sun haura 600. A 2018 har an kwashi takwas an kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada ƙwai ya zama a kwando ɗaya. A 2016 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna raƙumin dawa ba jinsi ɗaya ba ne, huɗu ne, IUCN kuma ta amince da haka a 2025. Bisa wannan tsari, na Sumu da na Lokoja ko jinsinsu bai zo ɗaya ba.

Karkanda kuwa ba ta samu wannan sa'a ba. Baƙar karkandar yamma, wadda ragowarta ke arewacin Kamaru, an nema an rasa a 2006, aka sanar da ƙarewarta a 2011. Da Chadi ta so mayar da karkanda dajin Zakuma a 2018, sai daga Afirka ta Kudu aka kawo shida. Cikin 'yan watanni huɗu suka mutu.

Kada a fahimce ni a kan cewa a bar 'yan zakunan da suka rage su yi ta auren gida har su ƙare, wai don tsarkin jini. Hakan ma halaka ce, kuma mu da muka san sikila ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya haɗu da mai AS ana iya haifar SS. Kowace dabba na ɗauke da irin waɗannan ɓoyayyun lahani, kuma idan zaki ba shi da matar da ta wuce 'yarsa ko ƙanwarsa, sai lahanin ya riƙa haɗuwa da ɗan'uwansa. An ga haka a kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, inda annobar ƙuda ta rage zakuna zuwa 'yan ƙalilan a 1962, daga baya aka tarar maniyyin jikokinsu cike da nakasa. An ga haka a Amurka, inda wata babbar kyanwar daji ta jihar Florida ta ragu zuwa ashirin da 'yan kai, ana haifar 'ya'ya da lanƙwasasshiyar jela da ciwon zuciya. A 1995 aka kawo irin waɗannan kyanwoyi mata guda takwas daga jihar Texas, maƙwabta mafi kusa a jini da a ƙasa, yawansu ya ninka har ya haura ɗari. Sabon jini magani ne, amma likita ba ya ƙara wa majiyyaci jini sai ya duba rukuninsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma na auna, duk bai kai kuɗin shimfiɗa kwalta kilomita ɗaya ba.

A fara da sani. Alƙaluman da na kawo sun haura shekara goma. Yankari murabba'in kilomita 2,244 ce, ba a ƙirga zakinta da “wani ya ce ya ji kuka”. A ware kuɗi a ɗaura kyamarorin nan masu ɗaukar hoto da kansu a hanyoyin shan ruwa, a koya wa masu gadin daji ɗibar samfur, tunda su ne ke kwana a ciki, su ne kuma ke fara cin karo da ɗanyen sawu. Kwalba da safar hannu da littafin rubuta wuri da rana, ba wani abu ba ne. Samfuran Dakta Tende sai da aka kai su jami'ar Lund a Suwidin kafin a karanta. A wancan lokacin da uzuri, yanzu babu. Na'urorin gwajin ƙwayoyin halitta na PCR da jihohi suka yi ta saye lokacin korona su ne dai irin waɗanda ake fara wannan aiki da su, kuma a garin Ede na jihar Osun, cibiyar Farfesa Christian Happi ce ta fara karanta ƙwayar cutar korona a duk Afirka a Maris na 2020. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, muna da ta jiha a Gaɗau, muna da ɗalibai masu neman abin da za su yi digiri na biyu a kai suna ta maimaita binciken da aka yi sau ɗari. A ba biyu ko uku tallafi, a haɗa su da waɗanda suka riga su a Jos. Baƙon da ya zo ɗibar samfur kuma a yi masa maraba, amma a rubuta a yarjejeniya cewa rabin abin da ya ɗiba a nan zai zauna, sakamakon kuma a dawo mana da shi.

Sai firiza. Na san abin dariya ne a rubuta wa Gwamna wasiƙa a kan firiza, amma ku saurare ni. Duk zaki ko giwa ko damisa da ta mutu a Yankari, ko ta guba ko ta tsufa, taska ce ake binnewa. Ɗan yankin kunne da tsinken gashi, a sa a firiza mai aiki da hasken rana wadda ba ta jiran wutar NEPA, sun isa su amsa tambayoyin da ba mu ma fara yi ba. Gidan namun dajin San Diyego a Amurka ya fara daskarar da irin waɗannan tun 1975, ba tare da ya san amfaninsu ba. A 2020 aka samar da wata 'yar dabba mai kama da tunku, da ta kusa ƙarewa, daga ƙwayoyin wata da aka daskarar tun 1988. Ban ce mu ma za mu yi haka gobe ba. Na dai ce abin da ba a ajiye ba, ba a ɗauko shi.

Akwai kuma wata ajiyar da muke da ita ba mu sani ba. A fadojin sarakunanmu, da ɗakunan tsofaffin maharba, da shimfiɗar masu maganin gargajiya a ranar kasuwa, akwai fatun zaki da haƙora da farce, wasu tun kafin zuwan Turawa. Na taɓa tsugunawa gaban wani mai magani na ga wani ƙyallen fata da bai fi tafin hannu ba, ya bushe ya ƙanƙance, yana rantsuwa kakansa ne ya harbe shi a dajin da yau gonar masara ce. Wata ƙila gaskiya ne, wata ƙila fatar kare ce, gwaji zai faɗa. Idan Turawa sun iya karanta tarihin zaki daga ƙoƙon kai da ke akwatin gidan tarihi, mu ma za mu iya gano irin jinin da zakunan Ningi da Katagum da Misau suke da shi, mu auna abin da muka rasa. Wannan aiki sai da yardar iyayen ƙasa, kuma sai an tabbatar wa masu kayan cewa ɗan gutsure kamar ƙwayar gero ake so, ba kama su za a yi ba. Kalma ɗaya daga bakinku a zaman majalisar sarakuna ta fi takardar jami'a goma.

Duk wannan kuwa aikin banza ne in dajin ba ya tsaruwa. Ba lalacewar jini ce ke fara kashe zaki ba. Tarkon waya ne da ke ƙarar da gwanki da kanki har ya rasa abinci, sai ya faɗa wa shanu, sai makiyayin da ya tashi ya ga karsanarsa a yashe ya barbaɗa wa mushen maganin feshi, zaki ya dawo ya ci, kura ta ci, ungulu ta ci, a kwashe su gaba ɗaya a dare guda. Ba na zagin makiyayin, saniyar nan ita ce bankinsa. A nema masa burtali da mashaya a wajen gandun, a samar da hanyar biyan diyya da ba sai ya yi wata shida yana zarya ba. Masu gadin daji kuma, waɗanda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta daɗe tana tallafa wa sintirinsu, a biya su a kan lokaci, a ba su takalmi da abinci. Tun da aka mayar wa jiha da Yankari daga hannun tarayya a 2006, wannan nauyi namu ne, babu wanda za mu nuna wa yatsa a Abuja. Kamaru ma ba za ta ba mu ko zakanya ɗaya ba in ta ga inda za a kai ta guba ke jiranta, kuma da gaskiyarta.

Zakunan Gir, 'yan'uwan namu na can Indiya, sun taɓa kaiwa inda muke. A farkon ƙarnin da ya wuce 'yan tsiraru suka rage, manyan baƙi na ta neman izinin harbin abin da ya saura. Sarkin Junagadh, Musulmi ne, dajin a ƙasarsa yake, ya hana. Bai san DNA ba, bai san zakunansa dangin na Bauchi ba ne. Gwamnatocin da suka biyo baya suka ɗora, suna ƙirga su duk bayan shekara biyar: 523 a 2015, 674 a 2020, 891 a 2025. Ba su sayo ko ɗaya daga waje ba.

Lokacin ƙirga rani ne, sa'adda ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin Gaji, sawu ke fita raɗau a yashi. Ina roƙon a sa kuɗin wannan ƙidaya a kasafin da ke tafe, a yi ta kafin ruwan farko, a kuma buga sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, ko nawa aka samu, ko da biyu ne, don mutanen Mainamaji da Duguri da sauran ƙauyukan da ke kewaye da dajin su ji da kunnensu. In kuma kafin nan mai takardu masu sheƙi ya iso, ku tambaye shi zakunan nasa 'yan wane gida ne, ku ce ya kawo sakamakon gwaji a rubuce.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin ilimin halittu, daga Bauchi